Apo Shukur, Wanda Ya Koya Mana Saukowa

Idan aka sallame sallar asuba a ƙauyenmu, ba sai an tambayi inda Apo Shukur zai nufa ba. Apo a yarenmu kaka ke nan, haka muke kiran dattijo. Zai ɗauki sandarsa da butar shayin gishiri, ya bi ta gefen gonakin sha'ir yana ɗan jan ƙafar hagu, wadda sanyi ya daɗe da cinye wa yatsu, har ya isa filin da hanyar mota ta ƙare. A nan 'yan dako suke taruwa a watannin zafi, lokacin da baƙi masu hawan dutse ke zuwa da tulin kayansu. Akwai wani faffaɗan dutse a bakin filin wanda ko akuyar garin ta san nasa ne. Nan zai zauna, ya tsiyaya shayi, ya fara duba mutane ɗaya bayan ɗaya: takalmin wannan, leɓen wancan, yadda wani yake numfashi idan ya saɓa kaya. Bana ya ajiye shugabancin 'yan dako saboda gwiwoyi sun ce sun gaji, amma har yau ba a samu wanda zai sanar da bakinsa cewa an yi ritaya ba.

"Kai, ɗan gidan Sakawat, zo nan. Ina takardarka?"

"Haba Apo, jiya fa ka gan ta."

"Na gan ta jiya, yau ma idona bai mutu ba. In abokin tafiyarka ya fara tangaɗi yana tari, me za ka yi?"

"In sauko da shi."

"In Baturen ya ce a jira gobe fa?"

"In sauko da shi."

"In ni na ce a jira?"

"To sai in sauko da ku duka biyun, Apo, don kai ma ciwon ya kama ka ke nan."

Sai tsohon ya ɗaga sanda kamar zai kai masa duka, filin ya ɗauki dariya.

Mutum ɗaya ne ba ya tsayawa a gaban dutsen nan. Sunansa Iftikar, ɗan ƙanin Apo Shukur ne, kuma a hannunsa ya tashi tun yana rarrafe. Yakan zo ya raba wa mutanensa kaya, ya wuce ta ɗaya gefen filin, idonsa a wani wuri dabam. Tsohon ba ya kiransa. Yakan bi shi da kallo har ya sha kwana, shayi na hucewa a hannunsa. Apo Shukur da kansa ya jawo wannan shirun, yana sane ya jawo shi, kuma saboda haka ne bai kamata ya sauka daga aiki ba tare da an faɗi abin da ya yi mana ba.

Mu nan tun kakanni mun san ciwon dutse. Mutum yana tafiya lafiya lau, sai kai ya fara sara, abinci ya fita ransa, numfashi ya riƙa yankewa, wani har ya riƙa tari da kumfa. Mun kuma san dalili, ko dai mun ɗauka mun sani. Burtse ce, ciyawar nan mai ƙarfin ƙamshi da ke tsirowa a gefen kogin ƙanƙara, wadda muke tumɓukewa mu hura wuta a zango. Tsofaffi sun ce ƙamshinta ke shiga ƙirji ya toshe shi. Maganin kuwa a fili yake: a raba marar lafiya da ƙamshin. A rataya masa albasa a wuya, in abin ya tsananta a haura da shi sama, can kan farar ƙanƙara inda ko tsinke ba ya tsirowa, ya shaƙi iska mai tsabta. A lokacin ba wanda ke kiran wannan jahilci. Sani ne, wanda uba ke miƙa wa ɗansa tare da igiya da sanda.

Shukur bai daɗe da zama shugaban ayari ba a shekarar da ƙaninsa Mazahir ya kwanta a zango na ƙarshe da ake samun ciyawa. Rustam, wanda ya shekara da shekaru yana dafa wa ayarinsu abinci, yana wurin, kuma daga bakinsa muka ji. Ya ce Mazahir ya daɗe yana ɓoye ciwon, don ɗan dakon da ya ce ba shi da lafiya ba a kiran sunansa baɗi, ga matarsa Marziya da ɗanyen goyo a gida. Da abin ya fi ƙarfin ɓoyo sai ya kamo rigar yayansa.

"Yaya, ƙirjina kamar an zuba masa ruwa."

"Ƙamshin nan ne. Hau bayana."

Shukur ya ajiye kayansa ya goya ƙaninsa, ƙaton mutum da ya fi shi tsayi. Rabin yini ya yi yana hawa da shi a kan ƙanƙara, yana zamewa yana tashi, bai yarda kowa ya karɓe shi ba. Ya kai shi inda babu ciyawa, ya kafa tanti, ya lulluɓe shi da bargonsa da na Rustam. A wannan hawan ne ya rasa yatsun ƙafarsa. Mazahir bai ga hantsin washegari ba.

Gari ya yi kuka, sannan gari ya yi yabo. A gidan biki da gidan makoki aka riƙa ba da labarin mutumin da ya goya ɗan'uwansa rabin yini. In 'yan'uwa suka yi faɗa a kan gona, da sunan Shukur ake kunyata su. Shi kuwa ya ɗauki nauyin gidan marigayin gaba ɗaya, ya noma musu gona kafin tasa, duk abin da ya shigo da shi sai an raba biyu. Da wannan labarin Marziya ta yi renon Iftikar. Yaron bai san fuskar ubansa ba, amma ya san bayan da ya goya shi, kuma yana kallon baffansa kamar ba a ƙasa yake takawa ba.

Shekaru suka ja. Kamfanonin da ke kawo baƙi suka fara cewa ba za su ƙara damƙa wa shugaban 'yan dako ayari ba sai yana da takardar shaidar horo. Ranar da maganar ta iso, Shukur ya fi kowa ba'a.

"Takardar ce za ta ɗauki buhun? Yaran da aka haifa ina kan dutse su ne za su zaunar da ni a benci su koya min dutse? To su zo da alli, ni zan zo da ƙafa."

Amma aiki ba ya jin ba'a. Da sanyi ya shigo, shi da Rustam suka shiga mota zuwa Skardu, babban garin yankinmu, inda wata ƙungiya ke ba da horon. Rustam ya ce kwanakin farko Shukur a bencin baya ya tare, in ana koyar da ƙullin igiya sai ya yi gyangyaɗi da gangan, har da ɗan minshari don malamin ya ji. Sai ranar da aka kawo wata likita, Dakta Nusrat, 'yar ƙaramar mace mai sanyin murya. Ta zana huhu a allo. Ta ce duk sama da mutum ya ƙara, iskar da ƙirjinsa ke samu raguwa take, kuma a jikin wasu ruwa yakan fara taruwa a huhu. Ta ce akwai magunguna, amma babbansu ɗaya ne: a sauko da mutum, nan take, ba a jiran gobe.

Rustam ya ce sai ya ji benci ya motsa. Shukur ya miƙe zaune, ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta.

"Likita, in aka haura da shi sama fa, inda babu burtse?"

Ta fara murmushi, ta ɗauka tsokanarsa ce ta kullum. Da ta dubi fuskarsa sai ta ajiye allin.

"Baba, ciyawa ba ta da laifi. Duk takun da aka yi da shi sama, ruwa aka ƙara masa a ƙirji."

"In da ƙasa aka yi da shi fa?"

"Wa ke nan?"

"Wani mutum."

"Rai ba a hannuna yake ba, Baba. Amma yawancin waɗanda aka sauko da su da wuri, washegari sukan tashi su nemi abinci."

Shukur ya ce ya gode, ya fita. Rustam ya same shi a bakin kogi yana zaune a kan yashi, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Rustam, rabin yini na yi ina hawa da shi. Rabin yinin nan da ya kai mu har makiyayar shanu."

"Ƙaddara ce, Shukur. Kowa da ranarsa."

"Na sani. Amma bayana ne ya kai shi."

Washegari a bencin gaba aka same shi. Bai iya rubutu ba, da baki da hannu ya yi jarrabawarsa, ya ci, ya dawo gida da takardar a cikin riga. Bai nuna wa kowa ita da alfahari ba.

Kai ne, Apo, ka dawo mana wani mutum dabam ba tare da ka gaya mana dalili ba. Kai ne ka tsaya a filin mota ka ce daga bana ba mai wuce zangon ciyawa na ƙarshe a ayarinka sai mai takarda. Mutanen da kuka yi wasan ƙasa tare suka daina gaishe ka, matasa suka laƙaba maka Malam Takarda, wata tsohuwa ta tare ka a hanyar masallaci ta ce ka toshe wa jikanta abinci. Ba ka mayar wa kowa ba. Da ka ga yawancinmu ba za su iya barin gida su tafi Skardu ba, sai ka yi ta zarya ofishin ƙungiyar nan har suka gaji da ganinka, suka yarda su riƙa turo malamai ƙauyen da sanyi, kai kuma ka share ɗakin ajiyar hatsinka ya zama aji. Kai ne kuma ka karya al'adar da ta fi burtse kisa, ranar da ka ce duk wanda ya faɗi cewa ba shi da lafiya a kan dutse, sunansa za ka fara kira baɗi.

Waɗanda suka yi tafiya da shi a shekarun nan ba su manta wata rana da ya juyar da rabin ayari saboda mutum ɗaya mai tari ba. Baƙon da ya biya kuɗin tafiyar ya yi ta faɗa da hannu da ƙafa, yana nuna agogo yana nuna ƙololuwar dutse. Shukur ya bari ya gama, sannan ya ce wa tafinta, "Gaya masa dutsen na nan baɗi, ba inda za shi." Kamfanin ya yi fushi, shekara guda ba su kira shi ba. Daga baya su da kansu suka aiko neman sa, don sun lura ayarin da mutanensa ke ciki da wuya a dawo da gawa, kuma baƙi sun fara tambaya tun daga ƙasashensu ko 'yan dakon sun samu horo. Yau kamfanonin da suka taɓa yi mana kallon jakuna masu ƙafa biyu, da sunan ƙauyenmu suke tallar kansu. Matashi mai takarda yana iya zuwa kowane kwari ya samu aiki ba tare da ya kai wa wani shugaba man shanu ko kaza ba. Ba a daina mutuwa a dutse ba, ƙanƙara na zaftarowa, rami na buɗewa a ƙarƙashin ƙafa. Amma mutuwar kwanciya a tanti ana jiran gobe ta yi ƙaranci a cikinmu.

Akwai kuma abin da ya riƙa faruwa a hankali. Duk wanda ya zauna a ajin nan ya ji darasin huhu, sai ya daina ba da labarin goyon Mazahir. Ba wanda ya umarce su, ba kuma wanda ya taɓa tayar wa Shukur da maganar. Labarin ya yi ta janyewa daga majalisu har ya rage gida ɗaya da ake ba da shi, gidan Marziya. A nan ne kuma Apo ya gaza, kuma yabon da zai ɓoye wannan bai cika yabo ba. Mutumin da ya tura ɗan kowa aji, ɗan ƙaninsa bai tura ba. In Iftikar ya tambaya, sai ya ce bari ka ƙara ƙwari, ko ya ce bana gona na bukatar hannu. Ya bar shi a dakon zangon farko, kusa da gida, shekara bayan shekara, don ya san abin da yaron zai ji a ajin.

Iftikar ya zama magidanci, haƙurinsa ya ƙare. Ya samu wani shugaban ayari daga wani kwari, wanda ba ya tambayar takarda, ya yi masa alkawarin tafiya har sama. Ana gobe za su tashi, da la'asar, Shukur ya hau rufin gidan Marziya, inda take juya 'ya'yan itacen culi da ta shanya, Iftikar na gefe yana ɗinke jakarsa. Ita ce daga baya ta ba da labarin abin da aka yi.

"Ka bar tafiyar nan," in ji Shukur. "Da sanyi ka shiga aji, baɗi ka hau."

"Yanzu kuma, Baffa? Sa'o'ina duk ka tura su, ni ka bar ni da dakon kalanzir. Na riga na ba mutum alkawari. Kuma me takarda za ta ƙara min? Kai da Baba wace takarda kuka riƙe? In wani ya kwanta na san abin yi. Zan goya shi in haura da shi, yadda ka yi wa mahaifina."

Shukur ya dubi allurar da ke hannun Iftikar. Da ya so, da ya ce kawai an gano sabon magani, ya bar tsohon labarin inda yake. Amma ya san ɗansa. Muddin labarin nan na raye a ransa, ranar da wani ya kwanta a gabansa sama zai nufa da shi.

"Ajiye allurar nan. Marziya, ke ma bar shanyar ki ji. Ba burtse ce ta kashe Mazahir ba. Hawan da na yi da shi ne. Da ƙasa na nufa, da wataƙila shi ne tsaye a nan yana yi maka faɗa, ba ni ba."

Iftikar ya dube shi kamar bai ji yaren ba.

"Tun yaushe ka san haka?"

"Tun kana firamare."

"Duk waɗanda suka yi ajin sun sani ke nan."

"Sun sani."

"Kuma ka bar ni ina ba da labarin nan a gabansu, suna sunkuyar da kai, ni ina zaton tausayi ne. Don me, Baffa?"

"Don ina son yadda kake kallona."

Iftikar ya tashi ya sauka daga rufin. Marziya ta ci gaba da juya shanyarta. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Yaya Shukur, hawan na yafe tun kafin ka rufe baki, abin da aka koya maka ka yi. Shirun ne zai ɗauke ni lokaci."

Iftikar bai yi wannan tafiyar ba. Da sanyi ya zo bai shiga ɗakin hatsin baffansa ba, Skardu ya tafi shi kaɗai. Ya dawo da takarda, ya koma ya ƙara ta gaba da ita, yau shi ma shugaban ayari ne, kuma an ce ya fi baffansa tsanani. Marziya ta huce, har takan aika wa tsohon da gurasa ranar Juma'a. Amma tun daga yammacin nan Iftikar bai ƙara taka gidan Apo Shukur ba.

Abin da ke cin rai a wannan labari shi ne, a ranar da Mazahir ya kwanta, maganinsa sananne ne a duniya. Yana cikin littattafai, yana bakin likitoci, tafiyar yini ɗaya a mota daga ƙauyenmu. Hanyar da za ta kawo shi ga mutumin da ke riƙe da rai a hannunsa ce kawai babu. 'Yan kwanaki a benci, da wani wanda zai tambaye ka ya tabbatar ka gane kafin ya sa hannu, iyakar abin da ya raba Iftikar da ubansa ke nan. Shukur ba rago ba ne, ba kuma marar kula ba ne. Ya fi kowa ƙarfi da ƙauna a kan dutsen nan, kuma duk ya zuba su a hanyar da ba ita ba.

A ƙarshen zafin bana, wani magidanci daga ƙauyen da ke ƙetaren kogi ya kwanta a ayarin Iftikar, can sama, yana tari da kumfa. Baƙin suka ce a ba shi magani a ga abin da gobe za ta yi. Rustam, wanda yanzu shi ma sai da sanda, shi ya kawo labarin filin mota.

"Ɗanka ya goya mutum a kan ƙanƙara, Shukur."

Tsohon ya damƙe sandarsa. "Wane gefe ya nufa da shi?"

"Ƙasa."

"Bai jira ba?"

"Ko shayi bai tsaya sha ba. Mutumin na asibiti, an ce jiya har ya yi ƙorafin miyar ba gishiri."

Apo Shukur ya rufe fuskarsa da hularsa. 'Yan dakon da ke kusa suka ga kafaɗunsa na motsi, kowa ya samu igiyar da zai ɗaure.

Mun gode, Apo. Mun gode a madadin matan da mazansu suka dawo da ƙafafunsu, da yaran da ba za su taɓa sanin cewa saura kaɗan su zama marayu ba. Kai ne ka zauna a benci da furfura, ka ji magana mafi ɗaci da mutum zai ji, ba ka gudu ba, ka ɗauko ta ka kawo mana. Masu hawan dutse suna da mutanen da suke yabo don sun kai ƙololuwa. Mu kai muke yabo, wanda ya koya mana saukowa. Duk mai sana'ar da ke ganin shekarunsa sun wuce a zaunar da shi a gwada shi, direba ne ko magini ko ungozoma, ya tuna cewa Shukur ma ya daɗe a kan aikinsa, kuma kowa na yabonsa. Ya je ya zauna a bencin tun bai goyi wani zuwa inda ba a dawowa ba. Masu ɗaukar ma'aikata kuma su buɗe wa mutanensu hanyar zuwa, kada su jira sai an kawo musu gawa.

Kwanan baya Rustam ya ce zai tara dattawa su je su zaunar da Iftikar, ya isa haka, a kawo shi ya gaida baffansa. Apo Shukur ya girgiza kai.

"Ku ƙyale shi. Yana da gaskiya, kuma ba na son gaisuwar da aka jawo da igiya. Kullum ina ganinsa yana wuce ƙofata da ƙafarsa, Rustam. Ubansa kuwa gawarsa aka shigo min da ita a kafaɗa."